Wa Ya Ɗora Masa Hannu?

Shekarun da na yi a Jidda, aikin wutar lantarki nake yi a wata masana'antar kwali da ke unguwar masana'antu ta garin. Ni Bahaushe ne daga wani ƙauye a kudancin Katsina, kuma Kirista, ɗan Katolika tun daga kakana. Wannan kan ba mutane mamaki a can. Duk Bahaushen da ya ji harshena sai ya ce, "Ka samu ka yi umara kuwa?" In na miƙa masa iƙamata, katin izinin zama, ya ga abin da aka rubuta a gurbin addini, sai ya dube ni, ya sake duban katin, kamar ɗayanmu ƙarya yake yi.

Babu coci a garin, kowa ya san da haka. Abin da muke da shi falon Baba ne. Baba dattijo ne daga kudancin Kaduna, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Ya daɗe a ƙasar har kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa a ƙasar, ya rasu, ɗan kafilin ya gaje shi. Yana zaune a wani tsohon bene a Waziriyya, saman shagon mai faci. Ranar Juma'a da hantsi, tunda ita ce ranar hutu, mukan taru a wurinsa. Ba a zuwa a ayari, kowa da lokacinsa, kowa ya shigo da takalminsa a hannu don kada su taru a ƙofa. Akwai 'yan Najeriya, akwai mutanen Kamaru, akwai wasu mata 'yan Filifin masu aikin jinya, da wani Ba'indiye da ba ya magana sai waƙa. Baba kan kunna tsohuwar na'urarsa mai ƙara kamar injin niƙa, ita ke danne muryoyinmu.

Ni nake jan addu'ar. Dalili kuwa, na yi shekaru a seminari, makarantar da ake horar da masu zama fada. Na yi nisa sosai, saura ƙiris a fara naɗa 'yan ajinmu, na tattara kayana na fita. Ba korata aka yi ba. Wata yarinya ce cikin mawaƙan cocin garinmu, wadda yanzu ita ce uwar 'ya'yana. A cocinmu fada ba ya aure. Na auna, na zaɓa, kuma har yau ban ce na yi kuskure ba. Sai dai a falon Baba na tsinci ɗan guntun abin da na bari. Nakan karanta bishara, in yi bayani da Hausa da Turanci da ɗan Larabcin kasuwa, su yi tsit suna saurare. Katikis suke kirana, wato mai koyar da addini wanda ba fada ba. Wanda matarsa ta daina ɗaukar wayarsa, ni yake samu. Wadda mahaifiyarta ta rasu a gida ba ta samu zuwa ba, ni nake zama da ita.

Abin da ba na iyawa shi ne Mas, babbar ibadar da fada kaɗai ke yi. Ba ni da ikon tsarkake gurasa, ba ni da ikon yafe zunubi. In mun kai wurin da fada zai ɗaga gurasar, sai mu yi shiru, kowa ya sunkuyar da kai na ɗan lokaci, sannan mu wuce zuwa addu'ar ƙarshe. Mun saba da wannan shirun. Ni kam, in faɗi gaskiya, ina son sa, domin ni nake cewa a fara shi, ni nake cewa ya isa.

Wata Juma'a ɗaya daga cikin mutanen Kamaru ya zo da baƙo. Dogo ne siriri, mai wushirya, mutumin Garwa, yana jin Hausa irin ta can, mai gauraye da Fulatanci da Faransanci. Injin ɗaga kaya yake tuƙawa a wani sito, ba nisa da masana'antarmu. Ya yi makonni yana zuwa, yana zama can baya kusa da takalma, ba ya cewa komai. Rannan da na gama, ana shirin zuba shayi, sai ya gyara murya.

"In kun yarda," in ji shi, "Juma'a mai zuwa zan yi muku Mas. Ni fada ne."

Sai da aka fassara wa 'yan Filifin, ɗaya daga cikinsu ta rufe baki da hannu biyu, hawaye ya zubo mata. Ta yi shekaru rabonta da karɓar tarayya, wato gurasar da fada ya tsarkake.

Ni na fara magana. "Madalla. Wane bishof ne ya turo ka?"

"Ba turo ni aka yi ba, neman abinci ya kawo ni, kamar kowa." Ya yi ɗan murmushi. "Kuma gara in faɗa muku tun yanzu, kada ku ji daga baya. Ba na ƙarƙashin Roma. Cocinmu ta fita daga hannun Paparoma. Amma bishof ne ya ɗora mini hannu, shi ma bishof ne ya ɗora masa."

"Iyali fa?" Baba ya tambaya, don ya ga zobe a yatsansa.

"Ina da mata, Baba, da yara. A wurinmu fada yana aure."

Wannan maganar ita ta shige ni. Ni an ajiye mini abu biyu aka ce in ɗauki ɗaya. Na ɗauka, na yi shekaru ina koya wa zuciyata kada ta waiwaya. Ga wani ya zo ya zauna kusa da takalma, ashe duka biyun ya kwasa ya zuba a aljihu.

Na ce musu a yi hattara. Na ce ba duk wanda ya ce shi fada ne yake fada ba, kuma ko da naɗinsa na gaske ne, ɗan Katolika ba ya zuwa wurin wanda ya ɓalle haka kawai. Abin da na faɗa daidai ne, haka aka koya mini. Amma muryata ta fi maganar zafi, kuma na ga Baba ya lura.

"Katikis," in ji shi, "mai jin ƙishirwa ba ya tambayar wa ya haƙa rijiya. Bari mu gani."

Juma'ar da ta biyo, falon ya cika har kicin. Mutumin Garwa ya zo da 'yar jaka irin ta ma'aikata. Ya fito da gurasa marar yisti da ya gasa a kaskon suya, da ɗan ruwan zabibi da ya jiƙa ya ajiye har ya yi tsami, da wani siririn ƙyalle fari mai gicciye a baki biyu, wanda ya ce matarsa ce ta yi masa ɗinkin hannu. Ya rataya shi a wuya a kan rigar aikinsa. Teburin da nake ajiye littafina aka share aka shimfiɗa wa farin zane.

Na tsaya ina ƙirga kurakuransa. Ya tsallake wata addu'a. Ya sunkuya inda ya kamata ya durƙusa. Wa'azinsa gajere ne, ba kai ba gindi, ya fara da makiyayi ya ƙare da injin ɗaga kaya. Da ni ne na yi irin wannan a seminari, da malaminmu ya sa na sake tun daga farko. Amma da ya kai wurin da muka saba yin shiru, bai yi shiru ba. Ya ɗauki gurasar da yatsunsa masu kanta, ya faɗi kalmomin da na haddace tun ina saurayi ban taɓa samun ikon furta su ba, ya ɗaga ta sama. Duk falon ya zube a gwiwa. Na ji ƙarar gwiwoyin Baba a kan siminti.

Ban karɓa ba. Na koma jikin bango na harɗe hannu. Kowa ya wuce ta gabana ya je ya karɓa ya dawo, wasu na kuka, ba wanda ya dube ni.

Daga nan abubuwa suka sauya, ba da faɗa ba, a hankali. Kujerar da ke da hannu, wadda nake zama a kai, ta koma tasa. Kofin shayin farko nasa ne. Kafin a fara, mutane kan yi layi a ƙofar kicin ɗin Baba, su shiga ɗaya bayan ɗaya su furta masa zunubansu a tsakanin tukunyar gas da buhun shinkafa. Waɗanda da suke kirana in sun shiga damuwa, wayata ta daina ganin lambarsu. Bishara ma shi yake karantawa, ni aka bar mini karatun farko. Wata rana ɗaya daga cikin matan ta miƙo mini kwano da buta ta ce, "Katikis, riƙe wa Fada ruwan wanke hannu." Na riƙe. Na zuba masa, ya ce na gode, ya share yatsunsa da tawul ɗin da ke kafaɗata.

Abin da ya fi cin raina, bai ma san ina kishinsa ba. Da ya yi mini girman kai, da na sami abin riƙewa. Sai ya zama kullum da fara'a yake tarbata, yana cewa "babban yaya", yana tambayata ma'anar wata aya a gaban mutane ba tare da jin kunya ba. In na ba shi amsa, mako mai zuwa sai in ji ta a wa'azinsa, mutane na gyaɗa kai suna cewa Fada ya iya magana.

A lokacin ba a rushe Karantina ba, unguwar da 'yan Afirka suka fi yawa. In na fito daga wurin Baba nakan gangara can in ci tuwo wurin wata Hajiya. Bahaushiyar Sudan ce, iyayenta sun taso daga Haɗeja da niyyar hajji suka yada zango a hanya, ita kuma aure ya ƙarasa da ita Jidda. Ta san addinina, ɗan mishan take kirana, kuma takan ƙara mini man shanu ba tare da na roƙa ba. Rannan ta ajiye mini kwano ta tsaya tana kallona.

"Ya waladi, ɗana, lafiya? Fuskarka kamar wanda aka fizge wa loma a baki."

Ban yi niyyar faɗa mata ba, amma ba kowa a wurin, kuma abin ya cika mini ciki. Na yi mata bayani yadda zan iya. Na ce a wurinmu mutum ba ya naɗa kansa. Almasihu ya zaɓi manzanni, su suka ɗora hannu a kan waɗanda suka gaje su, waɗannan suka ɗora wa na bayansu, haka har yau. Duk fadan gaske, in ka bi hannun da aka ɗora masa baya baya, sai ka kai ga manzanni.

"Silsila ke nan," in ji ta. "Ai mun san wannan. Babana muƙaddami ne, izininsa daga shehinsa, shehin daga nasa."

"To, Hajiya, in shehin ya saɓa da na sama da shi ya ware, izinin da ya bayar bayan nan yana aiki?"

Ta yi dariya har ta dafa ƙugu. "An yi wannan gardamar a zaurenmu ina yarinya, har tuwo ya huce aka mayar mana da shi. Wasu suka ce ruwa ko ta wane bututu ya biyo ruwa ne. Wasu suka ce bututun da aka cire daga tanki iska kawai yake hurawa. Har babana ya koma ga Allah ba su gama ba." Ta ɗauki ludayinta. "Shi mutumin, mugu ne?"

"A'a."

"Yana cin kayan mutane?"

"A'a."

"Halas, shi ke nan. Ci tuwonka, yalla, kafin shi ma ya huce."

Na ci, amma ban ji daɗin amsar ba. So nake ta ce mini maƙaryaci ne.

Cikin tsananin zafin bazara Baba ya faɗi a saman wani gini yana gyaran na'ura. Zuciya ce. Aka kai shi asibiti, aka sa masa bututu a hanci. Ni nake zuwa kullum da la'asar in na tashi aiki, in kai masa kunu, in kwaso kayansa in wanke. Ba shi da kowa a ƙasar, iyalinsa duk suna gida. Wata la'asar na same shi ya rame sosai, idanunsa sun faɗa. Ya yi mini alama in matso.

"Katikis, likita ya yi magana da ni. Bai ɓoye mini ba." Ya huta kaɗan. "Kai ka yi karatun nan. Ka gaya mini tsakaninka da Allah. In yaron nan ya zo ya shafa mini man da ake shafa wa mai shirin mutuwa, ya ce an yafe mini, ya karɓu? Ko wasa muke yi tun da farko?"

Ashe shi ma yana da shakka. Mutumin da ya ce mai ƙishirwa ba ya tambaya, ga shi a bakin rijiya yana tambaya. Kuma ni yake tambaya, ba wani ba. Wani daɗi ya ratsa ni a gaban gadon marar lafiya. Kalma ɗaya ce kawai, in ce a'a, shi ke nan, Baba zai yarda, sauran ma za su bi. Na buɗe baki, sai na ga yadda ya ƙura mini ido yana jira, kamar yaron da ya tambayi ko akwai sauran tafiya.

"Baba, ban sani ba tukuna," na ce. "Bari in je in tambaye shi da kyau."

Washegari lokacin hutun rana na taka zuwa sitonsu. Na same shi a inuwar wasu katakon ɗora kaya, ya buɗe robar shinkafa da wake. Ya matsa mini, ya ba ni cokali, shi ya ɗauki murfin roba yana ci da shi.

"Ba gaisuwa ta kawo ni ba," na ce. "Baba na so a shafa masa mai. Amma yana son ya san ko kai wane ne. Wa ya ɗora maka hannu?"

Bai ji haushi ba. Ya ajiye murfin ya ba ni labari. Shi ma katikis ne a da, a wani ƙauye bayan Garwa inda fada kan zo sau ɗaya a shekara, in hanya ta yi kyau. Mutane na mutuwa ba a shafa musu mai ba, yara na girma ba tarayya. Sai wasu suka zo da wata coci da ta fita daga Roma, suka ce za su naɗa masu aure. Aka yi masa ɗan karatu, aka naɗa shi a ajin wata makarantar firamare, an ture bencina gefe.

"Shi bishof ɗin naku, wa ya naɗa shi?"

"Wani tsoho. Shi bishof ɗin Roma ne sosai a da, kafin ya fita."

"Ka ga wannan naɗin da idonka?"

"A'a. Hoto na gani."

"Hoto ba ya magana. Ka san addu'ar da aka yi? Cikakkiya ce? Shi kaɗai ne, ko da wasu? Yana cikin hankalinsa, tunda ka ce tsoho ne?"

"Babban yaya, ban sani ba." Ya dube ni kai tsaye. "Tawa dai na ji ta da kunnena, daga littafin da ka sani aka karanta ta, ba a rage komai ba. Ta wanda ya naɗa ni, yarda na yi."

"Ba ka taɓa shakka ba?"

Ya juya zoben yatsansa. "Akwai ranakun da nakan ɗaga gurasar nan shakka na cina. In ce, in fa gurasa ce kawai? In fa ina ciyar da bayin Allah da gari da ruwa? Amma nauyin hannun mutumin nan a kaina, ban manta shi ba. Ya danna sosai, har wuyana ya yi ciwo. Tun daga ranar ban iya cewa ba a yi mini komai ba."

Na dubi kansa. Kai ne kamar na kowa, da furfura kaɗan, da shatin hular kwano a goshi. Ban taɓa jin ƙyashin wani abu a duniya kamar yadda na ji na wannan ciwon wuyan ba. Ina cikin haka wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce, kiran bidiyo. Ya juyo mini da ita mu gaisa, mace mai fara'a da goyo a baya, tana ce masa, "Fada, ka ci abinci kuwa?" tana dariya. Na gaishe ta, na miƙe na ce lokacina ya yi.

A hanyar asibiti na yi ta jujjuya abin da aka koya mana. Na san shi sarai. In bishof na gaske ya ɗora hannu, ya yi addu'ar da ta kamata, da niyyar yin abin da coci ke yi, naɗi ya naɗu, ko da ba da izini ya yi ba. Laifi ne, amma ya naɗu, kamar ɗan da aka haifa ba da yardar dangi ba, ba a ce ba a haife shi ba. Kuma in mutum na bakin mutuwa, coci ta buɗe ƙofa, kowane fada na iya yafe masa. Abin da ba ni da shi kawai shi ne tabbacin abin da ya faru a ɗakin da aka ɗauki hoton nan.

Haka na faɗa wa Baba, ban ƙara ba, ban rage ba.

"To, kai me ka gani?" in ji shi.

"Ban da tabbas, Baba. Ba wanda zai ba ka tabbas a garin nan." Sannan na ce, "Amma da ni ne a kan gadon nan, da na ce a kira shi."

Ya lumshe ido. "Kira shi."

Washegari da la'asar muka shiga tare, kamar masu dubiya, da ledar lemo a hannu. Man yana cikin 'yar kwalbar turare, irin wadda ake sayarwa a bakin kowane masallaci. Ya ja labulen gadon ya shiga. Ni na tsaya a waje, na ba labulen baya, ina gadi. A gado na kusa akwai wani tsoho ɗan Yaman da ɗansa, na shiga yi musu hira kan zafin gari don kada hankalinsu ya kai can. Ina magana, kunnena na baya. Ina jin muryar Baba ƙasa ƙasa, tana tsayawa, tana ci gaba, ta daɗe. Sau ɗaya na ji kamar kuka.

Na fi kowa daɗewa da Baba. Na san yawan sukarin da yake sa wa shayi, na san sunayen jikokinsa, rigar da ke jikinsa a ranar ni na wanke ta. Amma abin da ya ajiye a ransa shekara da shekaru, wanda ya zo jiya ya buɗe wa, ni kuwa ina tsaye ina zancen zafin rana da baƙi. Da aka yaye labulen, goshin Baba na ƙyalli, fuskarsa ta saki kamar wanda aka sauke wa kaya. Ya kama hannun mutumin Garwa ya sumbata. Sannan ya ce mini, "Katikis, ɓare mana lemon nan."

Baba bai mutu a Jidda ba. Ya ɗan farfaɗo, ɗan kafilinsa ya yi masa takardun fita na ƙarshe, muka raka shi filin jirgi a keken guragu. Ya kai damina biyu a gida kafin ya cika, kuma fadan garinsu, na Roma, shi ya binne shi. Taronmu ya koma ɗakin Ba'indiyen nan, ya ragu, domin wurin ƙarami ne. A tsakanin nan aka shiga rushe Karantina. Hajiya ta kwashe tukwanenta ta koma wurin 'yarta a Makka, inda irina ba ya shiga, ko sallama ba mu yi ba. Mutumin Garwa ya ci gaba da yin Mas har kwantiraginsa ya ƙare. Ina zuwa kowace Juma'a, ina karatun farko, ina riƙe ruwa. Ban taɓa karɓar tarayya daga hannunsa ba, shi kuma bai taɓa tambayata dalili ba.

Da na zo hutu gida, na je wurin wani abokina da muka yi aji ɗaya a seminari. Ya zama fada, yanzu shi ke riƙe da wata babbar coci a birni, ya yi ƙiba, yana da mota da mai dafa masa abinci. Na same shi yana cin abincin rana, na zauna na kwashe labarin duka na faɗa masa. Na gaya masa sunan tsohon bishof ɗin kamar yadda na ji.

"Na san labarinsa," in ji shi. "Roma ta ce ba ta san da waɗanda ya naɗa ba."

"Ba ta san da su ba, ko ba su naɗu ba?"

"Kai ma ka san ba abu ɗaya ba ne." Ya tsame hannu daga miya. "In mutumin naka ya zo yau yana son komawa cikinmu, sai an bincika, wataƙila a sake ɗora masa hannu don a kore shakka. Ko Allah ya san da shi, wannan ka tambayi na sama da ni."

Na zaci ya gama. Sai ya tura kwanon gefe ya jingina.

"Ka ce a gwiwa suke zubewa? A kan siminti?"

"Ƙwarai."

"Suna kuka?"

"Wasu."

Ya juya ya kalli taga. A waje ana jin masu share harabar coci suna gardama. "Ni ran Lahadi mutane kan cika cocin nan har waje," in ji shi, "rabinsu suna duba waya. Tun da aka naɗa ni ban ga wanda ya yi kuka don na ɗaga gurasa ba." Ya yi tsaki a hankali. "Direban injin ɗaga kaya. Kai, mutumin nan ya more."

Na tashi na yi masa sallama. Na zo neman wanda zai kayar mini da mutumin Garwa, na tarar da wani mai ciwo irin nawa. Da na isa gida, matata na tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta tambaye ni me Fada ya ce.

"Ya ce bai sani ba."

"Duk wannan tafiyar?" Ta miƙo mini tire. "To zauna ka taya ni, idona ya gaji."

Na ja kujera na zauna kusa da ita.